Munkaila Mai Faci da Mafarkin Mutane

In kuna neman mutumin da bai taɓa cewa "ban sani ba" tun da aka yaye shi, ku zo Ɗan Kassari in nuna muku Munkaila mai faci. Katanga ɗaya ta raba gidana da nashi, don haka abin da zan ba ku ba labarin kanzon kurege ba ne, da idona na gani. Munkaila ya san ranar da ruwa zai sauka, ya san abin da ya sa shinkafa ta yi tsada a Yamai, ya san ciwon mota tun tana Dogonduci ba ta iso ba. A bakinshi ke nan fa. Abu guda da hannunshi ya iya da gaske shi ne facin taya, kuma shi ne abin da ya fi rainawa a duniya.

Rumfarshi tana bakin kasuwa, da ɗan injin hura iska ja mai tari kamar tsohon mashayin taba. Surukinshi Malam Iro na Kiéché ne ya saya mashi injin ranar da ya ba shi auren ɗiyarshi Sahura, ya ce ga abin da za ka riƙe mani ita da shi. Ku riƙe zancen injin nan, don kanshi aka yi komai.

Abin ya faro ne wata safiya cikin damina a teburin Aminu mai shayi, inda muke taruwa kowa ya zazzage abin da ya kwana da shi. Aminu ya ce ya yi wani mafarki mai ban haushi, wai an sace mashi butar shayi, yana zaune yana kuka wiwi kamar yaron goye. Munkaila ko kai bai ɗaga daga kofi ba, ya ce ai mafarki juyi ne, wanda ya yi kuka cikin barci dariya zai yi da rana. Ikon Allah, hantsi bai gama yi ba wata babbar mota ta lalace daidai gaban teburin, fasinja suka sauko suka shanye shayin kaf, har burodin shekaranjiya bai tsira ba. Aminu ya bi kasuwa yana ba da labari, yana ƙara gishiri.

To, jama'a, daga ranar kan Munkaila ya daina shiga hula. Ya ce shi dama gado ya yi, wai kakanshi na wajen uwa har daga Kabi ake ɗauko shi ya fassara mafarki. Mu da muka san kakan, mun san dillalin awaki ne, amma muka yi shiru don mu ga ƙarshen abin. Ya ce mai irin wannan baiwa bai kamata a gan shi da baƙin mai a hannu ba. Ya rufe rumfa, ya kinkimi injin ya kai wa Aminu, suka yi musaya da wata farar babbar riga da rawani da buzu da Aminu ya gada wurin kawunshi. Aminu ya tura injin ƙarƙashin tebur ya mai da shi wurin ɗora ƙafa. Shi kuwa gogan ya shimfiɗa buzu gindin itacen bedi, ya naɗa rawani a karkace, ya fara magana ƙasa-ƙasa yana lumshe ido.

Wadda ta fara faɗawa hannunshi Hure ce, Bafillatana mai kawo mana fura da nono. Ta ce ta ga saniyarta ta tsinke ta ɓace, shin ta sake mata igiya ne? Munkaila ya ce juyi ne, ɓata cikin barci ƙaruwa ce a farke, ta ma daina wahalar ɗaure ta. Saniya kuwa ta ƙaru ƙwarai, don kwana ta yi cikin gonar waken wani tana ci har cikinta ya yi kamar ganga, da safe aka kora ta gidan mai gari aka tsare.

Sai Mubarak ɗan kabu-kabu, wanda ya yi mafarkin tayar motonshi ta baya ta fashe. Ya turo moton har gaban buzu don a duba. Wallahi ni da ban san faci ba na ga zare ya fito a tayar nan. Munkaila da ya shekara goma sha yana wannan aiki ya kau da kai, ya ce shi yanzu ba taya yake dubawa ba, mafarki yake dubawa, kuma mafarkin ya nuna tayar za ta binne mai ita. Da gaskiyarshi ta wani fannin, saura kaɗan ta binne shi. Tsakanin nan da Sukukutane ta fashe, ta watsar da Mubarak cikin rairayi, shi da wata fasinja da kwandon ƙwan zabinta. Ya turo moton a ƙasa har gari yana ɗingishi, ya tarar babu mai faci, don mai facin yana gindin bedi da rawani.

Kuna tsammanin ya ji kunya? Ina! Tambaya ɗaya ya yi musu: wa kuka fara faɗa wa kafin ni? Hure ta ce mijinta. Mubarak ya ce innarshi. Munkaila ya tafa hannu ya ce to ai ga inda aka ɓata aikin, mafarki bakin farko yake bi, duk wanda ya fara ji ya furta wani abu a kai, shi ke nan ya zauna, ko wa ya zo daga baya sai dai ya yi kallo. Wannan magana dama tsofaffinmu suna yin ta, sai ya same ta ya rataya a wuya kamar laya.

Don kada a riga shi, sai ya koma farautar mafarki da ɗuminshi. Ana sallame sallar asuba za ka gan shi bakin masallaci, yatsa bisa leɓe, yana hana mutane gaisawa. Ka ce "ina kwana", ya ce kada ka buɗe baki, zo nan tukuna. Wani tsoho ya ce ya yi mafarki amma ya manta rabi, Munkaila ya ce ya koma ya kwanta ya ɗauko sauran. Har gida ya biyo ni, na ce ni barcina kamar na gawa ne, ba na ganin komai. Ya ce wannan ma mafarki ne, kuma ma'anarshi mai nauyi ce.

Mutum ɗaya ne ya hana shi sakat, Abdulbasit mai butik, wato kanti, yaron nan ɗan Izala mai ɗangalallen wando da gemu ɗan tsurut. Kullum yana ce mashi, mutum in ya ga abin ƙi cikin barci ya yi tofi hagunshi sau uku, ya nemi tsari, ya ja bakinshi, ba ya kawo wa mai faci ba.

"Kai dai faɗa mani naka ka ga aiki," in ji Munkaila.

"Na yi mafarki ka san abin da kake yi," in ji Abdulbasit. "Sai ka juya shi, Malam."

Mu muna dariya, Sahura ba ta dariya. Mace ce mai haƙuri da kunya, amma tukunya ba ta dahuwa da goro da ƙwai guda da ake ajiye wa mijinta bakin buzu. Na sha jin ta ta bayan katanga tana tambayar ina injin babanta, shi kuwa yana ce mata ta daina tunanin ƙananan mutane. Da abin ya ishe ta, ta kira gida a waya. Amsar Malam Iro gajera ce: ranar kasuwa zai zo da amalanke ya yi niƙa, zai kuma duba injinshi. In bai same shi a rumfa yana aiki ba, zai koma da ɗiyarshi.

Wani mai hankali da a daren zai je ya karɓo injin. Munkaila kuwa cewa ya yi dama ce ta zo har gida. Tsoho ba ya rasa mafarki, in ji shi. Zai sa surukin ya faɗi nashi gaban jama'a, ya warware mashi shi dalla-dalla, tsoho ya ga ɗiyarshi babban mutum take aure, ya manta da wani ƙarfe mai tari. Kuma gaskiya zan faɗa, yana son Sahura. Tsoron tafiyarta ne ya ƙara mashi wautar, don shi in ya tsorata sai bakin ya ƙara gudu.

Ranar kasuwa da sassafe na ji shi ya fito ɗaki yana kiran ta, murya har rawa take don murna. Ya ce shi ma yau ya yi nashi mafarkin. Ya ga kanshi tsaye a bisa wani abu mai tsawo, fari fat tun daga kai har ƙafa, jama'ar gari duka suna biye da shi suna kiran sunanshi. Sahura tana dama koko, na ji ludayin bai ko tsaya ba.

"Jaki zai ɗauke ka," ta ce, "kasuwa ta bi ka da dariya."

Can sai na ji muryarshi ta koma siririya, yana cewa ta mayar da maganar, ta sake wata. Ta ce ai ta riga ta fita, ba shi ya ce bakin farko ba? Ya ce wannan ga sauran mutane ne. Ta ce ita ma sauran mutane ce. Ya roƙa, ya yi faɗa, ya ce aƙalla ta ce doki. Ta ce jaki ta gani. Na leƙa ta saman katanga, na same shi yana tofi hagunshi irin yadda Abdulbasit ya ce, a ɓoye, duk a kafaɗar babbar riga.

Sai ya yanke shawara: yau ko kusa da jaki ba zai je ba. Ranar kasuwa, a Ɗan Kassari! Kowane lungu amalanke, kowace inuwa jaki. Tafiyar da yaro ke yi da gudu ɗaya, shi sai da ya zagaya ta bayan makaranta, ya ratsa gonar wani, ya maƙale jikin bango har jakai uku suka wuce. Wani jakin ya yi kuka a bayanshi, ya daka tsalle har takalmi ɗaya ya fita. Ya iso gindin bedi yana haƙi, ya zauna bisa buzu yana waige-waige, ya sa aka gaya wa jama'a yau akwai babban baƙo.

Babban baƙo kuwa ya zo, amma ba wanda yake jira ba. Mijin Hure ne, dogon mutum marar yawan magana, sanda gicciye bisa kafaɗu, Mubarak na biye da shi yana ɗingishi. Kwana biyu ke nan bawan Allah yana zarya gidan mai gari kan saniyar nan. Ya yi sallama cikin ladabi, ya tsuguna, ya ce ya zo da mafarki sabo fil, ko matarshi bai faɗa wa ba. Munkaila ya gyara rawani, ya ce madalla, haka ake so.

"Na ga na kama wani mai rawani a karkace," in ji mijin Hure, "na yi ta ba shi sandar ga har ta karye."

Mutane suka fara matsowa. Munkaila ya dubi sandar, ya ce juyi ne, wannan alamar zumunci ce mai ƙarfi, shi da mai rawanin za su zama kamar 'yan uwa.

"To taso mu gaisa, ɗan uwa," in ji shi, ya sauke sandar daga kafaɗa.

Ban taɓa sanin mutum na iya gudu haka cikin babbar riga ba. Ya tsallake tiren 'yar mai gyaɗa, ya kifar da tulin tumatir, ya kutsa ta layin masu tabarmi, ya sha kwana bayan injin niƙa. Nan ya ga wata amalanke an lulluɓe kayanta da tabarma, gabanta ya shige bayan bango. Bai tsaya tambayar me ke ɗaure a gaban ba, ya yi sufa ya faɗa ciki. Rawanin ya warware, jelarshi ta tashi ta sauka a fuskar jakin da ke tsaye yana gyangyaɗi.

Jaki ya zabura ya yanki tsakiyar kasuwa. Abin da ke ƙarƙashin tabarmar kuwa manyan robobi ne cike da garin gero, yanzu aka sauke su daga inji, an ɗaure bakinsu da zane. Ramin farko zanen ya kwance, rami na biyu gari ya tashi sama kamar hayaƙi. Munkaila ya miƙe tsaye yana neman abin kamawa, fari fat, gira da gemu da komai, ido kawai ke motsi. Yara suka ɗauki bido, jarkokin ruwan nan, suna kaɗawa, mata suka saki guɗa, masu awo suka bar mudu, kowa ya bi baya ana "Munkaila! Munkaila!" Ni kaina na bi, ba zan ɓoye muku ba, dariya har ta sa ni ciwon ciki. Abdulbasit, da na riga na tsegunta mashi mafarkin safe, yana ƙofar butik yana cewa wannan dai ko shi ya yarda ya tabbata.

Jakin ya ratsa shingen ƙaya na wurin dabbobi, muka ji taya ɗaya ta yi fuuu, amalanke ta karkace tana jan ƙafa. Bai tsaya ko'ina ba sai gaban teburin Aminu, don can ya hango mai shi. Malam Iro ne zaune bisa benci, kofin shayi a hannu, idonshi a kan jan injin da Aminu ya ɗora wa ƙafa. Gefenshi Sahura, da ƙullin kayanta.

Munkaila ya zamo daga amalanke ya faɗi, faɗuwar ta zame mashi tsugunno. Ya cire takalmin da ya rage, ya sunkuyar da kai kamar yadda ake yi gaban suruki, ya shiga gaisuwa, kowace "lahiya lau" gari na zuba daga gemunshi. Tsoho ya amsa duka, bai rage ko ɗaya ba. Ya dubi jakinshi, ya dubi tayar, ya dubi garin da matarshi za ta yi tuwon sati da shi yana kwance a hanya tun daga injin niƙa. Sannan ya ce ya ji labari yaro ya zama malamin mafarki, shi ma ga nashi: ya ga ya aza ɗiyarshi bisa amalanke ya kai ta gida.

Ku ga ikon Allah, mutumin nan da ke durƙushe cikin gari sai ga haske a idonshi. Ya ce, kai a ƙasa, Baba ai wannan juyi ne, ma'anarshi tana nan ɗakinta ba inda za ta.

"Haka ne?" in ji Malam Iro. "To amma uwatta na hwara hwaɗa ma, tun da asuba. Ta ce in je in ɗauko ta. An ce mani kai ka ce bakin hwarko a ka bi."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Munkaila ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa, babu abin da ya fito sai gari.

Saura matsala ɗaya, amalanke ba ta tafiya da ƙafa guda. Tsoho ya tambaya, a natse, ko garin ga akwai mai faci. Duk muka juya muka dubi mutum ɗaya. Aminu ya ce injin na nan, amma a ba shi rigar kawunshi da rawani, a kakkaɓe. Nan tsakiyar kasuwa, gaban surukinshi, Munkaila ya tuɓe babbar riga ya rage daga shi sai singileti mai huji uku. Mubarak ya tsiyayo ɗan mai daga motonshi, bisa sharaɗin tayarshi ce ta biyu a layi. Injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama.

A nan dariyata ta tsaya, gaskiya. Ina kallon mutum yana kankare tayar da za ta tafi da matarshi, yana shafa gam, yana jan aikin kamar kada ya ƙare. Ya tsoma ta cikin ruwa ya duba, ya sake tsomawa, ko kumfa ɗaya babu. Ya so ya ɓata aikin, na ga alama, amma hannun ya ƙi. Malam Iro ya matsa tayar da babban yatsa, ya gyaɗa kai. Sahura ta hau, ta zauna kan ragowar gari, ta ɗora ƙullinta a cinya.

Jaki ya ɗaga ƙafa ke nan ta ce baba ya ɗan tsaya. Ta juyo ta dubi mijinta, ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Malam, ni ma na yi nawa. Na ga an gama girbi, na dawo na tarar da rumfa a buɗe. Kai na fara faɗa wa. Mi ka gani?"

Muka zuba mashi ido. Na ga leɓenshi ya tattaru, kalmar nan tashi ta kullum ta taho har bakin haƙora. Sai ya tuna juyin wannan shi ne ba za ta dawo ba, ya sa tafin hannu mai baƙin mai ya toshe bakinshi da kanshi, ya bar shatar yatsu biyar a farar fuska. Da ya sauke hannun, ya ce:

"Ni faci na sani."

Sahura ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, amma na ga kumatun sun motsa. Amalanke ta kama hanyar Kiéché, shi kuma ya jawo tayar Mubarak ya zauna.